Shekarar da Na Iske Tsibiri a Rufe

Makon jiya sanyin farko na bana ya shigo mana Gaithersburg. Na dawo daga asibitin da nake aikin jinya, na tarar busasshen ganye ya rufe ƙofar gida har ba a ganin matakala, maigidan kuwa yana zaune a kicin cikin rigar sanyi, ya ƙura wa waya ido. Wata biyu ke nan da ƙarewar kwantiraginsa a wani ofis da ke Southwest, can cikin Washington, kamar yadda ta ƙare wa mutane da yawa a bana. Tun daga lokacin ya koma mai bincike. Kullum sai ya gano mana wani gari inda aiki ke neman mutane ido rufe.

Injiniya nake ce masa tun muna Zariya, don abin da ya karanta ke nan. Shi kuma Dije yake ce min.

"Dije, ajiye jakar nan ki zo ki gani," ya ce. "Tsibirinmu ne fa. An ce yanzu da ƙyar za a sami marar aiki a can. Masu otal kuka suke yi, babu ma'aikata."

"Ashe muna da tsibiri," na ce. "Wannan bayanin na wane wata ne?"

Ya gyara tabarau, ya ja rubutun sama. "Agusta."

"To nemo min na Janairu."

Ya nemo. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa wayar a aljihu, ya ce bari ya je ya share ganyen nan kafin ruwa ya jiƙa shi. Maganar ta mutu a nan. Amma ni ta riga ta tayar min da abin da na daɗe da dannewa, na yini ina tsaki ni kaɗai, har 'yarmu Amira ta tambaye ni da Turanci ko wani ne ya ɓata min rai a wajen aiki.

Shekara ashirin da biyar ke nan. Injiniya ya ci cacar biza muna da wata bakwai da aure. Ya riga ni tahowa a watan Yuni, ni kuma na tsaya in ƙarasa jarrabawar ƙarshe a makarantar koyon jinya. Wani abokin karatunsa, Bulus, mutumin Pankshin, shi ya jawo shi wani ɗan tsibiri a gefen jihar Massachusetts, wanda duk faɗinsa ƙaramar hukuma ɗaya ce, kuma ba a zuwa sai ta jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama. Shi ma Bulus ɗin wata ɗaya kacal ya riga shi zuwa, amma a lokacin ba wanda ya gaya min haka.

Wasiƙun Injiniya sai wanda ya gani. Aiki uku yake yi: da safe gyaran lambu, da rana wanke-wanke a kicin ɗin otal, da yamma ɗaukar wa baƙi kaya. Ya rubuto cewa a garin nan in ka tsaya a bakin titi ɗaure takalmi, sai wani ya leƙo ya tambaye ka ko kana neman aiki. Ya aiko hoto, rana ƙwal, teku shuɗi, jama'a maƙil kamar kasuwar Sabon Gari ranar jajiberen salla. Mahaifiyata ta zaga da hoton nan gidajen unguwa har gefensa ya lanƙwashe.

A farkon Nuwamba na iso. Jirgin ruwan da muka shiga zai ɗauki ɗaruruwan mutane, amma fasinjojin ba mu kai goma ba. Teku ya yi baƙi, jirgi na tangaɗi, na amayar da duk abin da na ci tun daga Kano. Da muka tsaya, sai na hango dogon layi a tasha, mutane da akwatuna, da kwalaye ɗaure da igiya, da kekuna. Duk fita za su yi. Wata baƙar mace 'yar Jamaika ta dubi akwatina, ta dubi takalmina mai buɗaɗɗen sama, ta ce, "'Yar'uwa, shigowa kike yi? Yanzu?" Ta girgiza kai ta wuce.

Muka ratsa tsakiyar gari a tsohuwar motar Bulus. Kantuna an buga musu katako a tagogi. Gidan abinci an kife kujeru a kan tebura. A ƙofa bayan ƙofa takarda iri ɗaya: mun gode, sai watan Mayu.

"Injiniya, mutuwa aka yi?"

"Hutu suke ɗan yi."

"Hutun wata shida?"

Bulus ya yi tari, ya ƙara ƙarar rediyo.

Sai da na ci abinci, na yi wanka, na raba musu tsarabar kilishi, sannan gaskiya ta fito. An rufe otal ɗin mako guda kafin in iso. Mai lambu ya sallame su tun da ciyawa ta daina tsiro. Ɗaukar kaya kuwa, babu baƙi balle kayansu. Ya san da haka tun ina Zariya ina ɗaure akwati, bai faɗa ba.

"Uku fa nake da su, Dije," ya ce. "Na ɗauka ko biyu sun tafi, ɗaya zai tsaya."

"Dukkansu ba baƙin nan ɗaya suke yi wa hidima ba?"

"Haka ne."

"To da baƙin suka tafi, wa ka ɗauka zai ɓata kwanon da za ka wanke?"

Abin da ya tara a lokacin zafi ya tafi a tikitina, da aike gida, da kama haya. Ko da mun so bin layin nan na tasha, ba mu da inda za mu dosa, ba mu da abin kama ɗaki in mun isa. Mu da muka taso muna ganin 'yan ci-rani suna barin ƙauye da zarar an kawar da amfanin gona, mu ne muka zo muka tare a garin da kowa ke bari.

Gidan da suka kama, in ka gan shi daga waje sai ka ce na minista ne. Na wata attajira ne da ke zuwa wata uku a shekara, sauran watannin ta bayar da shi haya da araha. Ɗaki huɗu, baranda mai kallon teku. Sai dai an gina shi ne don shan iska, iskar kuwa ba ta san lokaci ya wuce ba. Ta tagogi take shigowa, ta ƙarƙashin ƙofa, ta ramin makulli, tana wani kuka siriri da ba ya tsayawa. Hitar gidan da mai take aiki, man kuma sai an shigo da shi ta ruwa, kamar yadda ake shigo da komai, daga albasa har ashana. Muka rufe ɗakuna biyu, muka tottoshe ƙofofi da tawul ɗin attajira.

Litinin ta farko muka je ofishin da marasa aiki ke rajista. Na yi zaton zan tarar da fuskoki a murtuke. Ina! Sai ka ce gidan suna. Mai dafa abincin otal na nan, direban tasi na nan, matar da ke sayar da askirim na nan da saƙarta a hannu, ana ta gaisawa da raha. Su abin shekara-shekara ne: a yi aiki kamar jaki wata biyar, a zo nan a cike takarda, a lallaɓa da ɗan abin da gwamnati ke bayarwa har baƙi su dawo. Da aka zo kan su Injiniya, ma'aikaciyar ta duba takardunsu, ta ce ba su daɗe suna aiki a ƙasar ba yadda doka ta nema, sai dai baɗi. Ta faɗa da murmushi, har ta miƙo mana alewa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kowa a tsibirin nan ya san haka ake yi. Yaro ya sani, tsoho ya sani. Maza biyu masu digiri sun yi wata biyar a cikinsu, ba wanda ya buɗe baki ya tambaya, in sanyi ya zo me kuke ci?

Ayyukan da ba sa mutuwa da sanyi kaɗan ne: asibiti, makaranta, gidan waya, ofishin hukuma, da babban kantin abinci guda ɗaya. Muka zaga su duka a kwana biyu. Masu riƙe da su sun riƙe tun kafin a haife ni, kuma ba wanda ke da niyyar tashi. A asibiti suka ce takardata ta Zariya ba za ta yi ba sai na ci jarrabawarsu. Na ce ko shara ce zan yi. Suka ce sharar ma akwai masu jira.

Bulus ne ya samo mana hanya. A cocin da yake zuwa ya haɗu da wata tsohuwa, Doris, haifaffiyar tsibirin, gajeruwa mai hannuwa kamar na maƙeri. Tana da wani ɗakin katako a bayan gidanta inda ake ɓare sikalof, wata irin ƙumba ta teku da masunta ke kamowa da sanyi kawai. Aikin da ya rage a tsibirin ke nan. Bulus ya sami gurbi a kwalekwalen wani masunci, ni kuma Doris ta ce in zo ta gwada ni. Injiniya ya bi Bulus rana ɗaya, ya dawo jiri na ɗibarsa saboda tangaɗin teku, ya kwanta kwana biyu. Daga nan ya koma yawon ƙwanƙwasa ƙofofi.

Masunta kan dawo da hantsi, su juye buhuna a kan dogon benci. Mu huɗu muke tsayawa, kowa da 'yar wuƙa. A zura ta tsakanin ɓawo biyu, a murɗa, a kwashe tarkacen ciki, a yanko farar ƙwayar da ke tsakiya, wadda ba ta fi kan ɗan yatsa ba. Ita kaɗai Turawa ke so. A kan nauyin abin da ka ɓare ake biyanka. Doris na iya ɓare biyar kafin in gama kokawa da ɗaya. Ruwan gishiri mai sanyi yana bin hannu har gwiwa, ɓawon yana da kaifi, yatsuna suka tsattsage, gishirin na shiga yana cizo. Ƙarni kuwa ya kama gyalena, ya kama gashina, har abin sallata.

A rana ta uku na ga ana zuba tarkacen cikin a bokiti za a kai wa tsuntsayen teku. Na ce a ba ni.

"Me za ki yi da shi?" Doris ta tambaya.

"Miya."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Shekara sittin ina wannan aiki, ban taɓa ganin wanda ya ci wannan ba."

"Yau za a fara."

Na zo da kuka da daddawa da yaji daga gida, a ƙulle cikin zannuwa. Na wanke abin nan ruwa bakwai, na kaɗa miya, na tuƙa tuwon garin semolina. Injiniya ya ce a mazhabarmu duk abin da ya fito daga ruwa halal ne. Na ce ai ban ce haram ba ne, cewa na yi ƙyama nake ji. Muka ci, yashi na ƙaras-ƙaras a haƙori. Bulus ya nemi ƙari.

A ƙarshen Nuwamba azumi ya kama. Yanzu a nan Maryland muna da masallatai, ana buɗa-baki cikin jama'a, abinci har a rasa mai ɗauka, yara na zaɓen dabinon da za su ci. A can ni da Injiniya ne kaɗai musulmin da muka sani. Ba ladan, ba maƙwabcin da zai aiko da ƙosai. Da kalanda muke sahur, da agogo muke shan ruwa. Yinin gajere ne, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci rana ta faɗi, ga shi ba ƙishirwa. Amma yunwar sanyi daban take da wadda na sani. Ba a ciki take tsayawa ba, har cikin ƙashi take shiga, mutum ya riƙa rawar ɗari yana jin haushin kowa.

Da asuba kunun garin masara, da tsamiyar da nake gutsura kaɗan-kaɗan. In an yi salla, Bulus ya fita teku, ni in jira hantsi in taka zuwa wajen Doris, Injiniya ya goge takalmi ya fita neman aiki a garin da ya riga ya zaga sau goma. La'asar in dawo, in jiƙa hannu a ruwan ɗumi sai yatsu sun yarda sun lanƙwasa, sannan in ɗora tukunya. Bulus ba ya azumi, amma bai taɓa cin komai a gabanmu ba. Sai ya zauna da mu yana kallon agogo, shi ne ma mai cewa, "Lokaci ya yi, ku sha."

Wata Laraba ya ja ni gefe. "Madam, ana raba abinci a ƙasan cocinmu. Ba a tambayar addinin kowa. Rabin garin nan can suke zuwa."

Injiniya ya ji. "Ba za a ga matata a layin sadaka ba."

"Wa zai gan ni?" na ce. "Wa ya san ka a nan? Tsuntsu?"

"Magana tana zuwa gida."

"Ta wane jirgin?"

Na yafa gyale na bi Bulus. A layin na tarar da direban tasi, da matar nan mai saƙa. Na dawo da dankali, da wake na gwangwani, da man gyaɗa. Injiniya bai yi min magana ba har magariba. Da aka sha ruwa kuwa, shi ya fi kowa cin dankalin.

Saura kwana goma salla guguwa ta zo. Da safe sama ta yi kalar toka, kafin azahar dusar ƙanƙara na tafiya a kwance saboda iska. Jirgin ruwa ya daina zuwa, na sama ma haka. In sanyi ya kai wani mataki akan ɗaga jar tuta a tashar masunta, ba mai fita kamu. Tutar nan ta kwana huɗu a sama. Babu kamu, babu ɓara, babu ko sisi. A babban kanti, wajen burodi da madara ya zama fayau. Allurar tankin man hita ta kwanta a ƙasa. Muka jawo katifu zuwa kicin, mu uku muka tare kusa da murhu, kowa da riguna uku da bargon attajira.

A rana ta uku Injiniya ya ɗauko katin waya ya kira gida, don an kwana biyu ba a ji mu ba. Ina zaune ina jin sa, haɓarsa na rawa.

"Lafiya ƙalau, Yaya. Alhamdu lillahi. Aiki sai godiya. Dije? Ai har ta yi ƙiba."

Na dubi hannuwana da suka koma kamar bayan kada.

"Bidiyo? Wane iri kake so? To, ba damuwa, in sha Allahu bayan salla."

Da ya ajiye, na ce, "Injiniya, wace Dije ce ta yi ƙiba?"

"So kike in tayar wa Hajiya da hankali?"

"Ban ce ka tayar wa kowa da hankali ba. Amma bidiyo? Muna raba dankali ɗaya gida uku, kana alkawarin bidiyo? Haka ka yi min. Da bakin nan naka mai daɗi ka ɗauko ni daga gidanmu ka kawo ni tsakiyar ruwa. Da ka ce min, Dije, aiki ya ƙare, da na sauka wajen 'yar gwaggona a Takoma Park, da yanzu ɗayanmu yana aiki!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Bulus ya tashi ya ce zai duba mota, motar da ƙanƙara ta binne. Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Kunya na ji," ya ce. "Kuma tsoro na ji kada ki ce kin fasa zuwa."

Na so in ci gaba da faɗa, don ban gama ba. Amma azumi nake, ga shi ya faɗi gaskiyar zuciyarsa karo na farko tun isowata. Na tashi na ɗora ruwan zafi.

Washegari da hantsi sai ga Doris ta ratso ƙanƙara har gwiwa, tana dogara sandar shebur. Bututun ruwan gidanta ya daskare ya fashe, ruwa na ambaliya a ƙasan gida, mai gyaran famfo ɗaya da ya rage a tsibirin kuma yana da gida ashirin a gabansa. Ta ce ta ji ina kiran mijina injiniya, da gaske ne ko suna ne kawai?

Na ce, "Yau za mu sani ni da ke."

Wallahi ban taɓa ganinsa haka ba. Ya shiga ruwan ƙanƙara har idon sawu, ya gano inda ake kashe ruwan, ya yanke wajen da ya fashe, ya haɗa da guntun bututun da ya tsinto a tarkacen marigayi mijinta, ya bi sauran da na'urar busar da gashi har suka saki. Da azumi a bakinsa. Kafin la'asar ruwa na zuba a famfon Doris. Ba ta yi dogon godiya ba, ba halinta ba ne. Waya ta ɗauka ta kira ɗan ƙanenta, wanda ke kula da gidajen attajirai da ke rufe, ta ce masa, "Ina da mutumin da kake nema, kuma ba ya shan giya."

Aikin kwana uku ne a mako. Su zaga gidajen da ba kowa, su duba bututu, su duba rufi, su kwashe ƙanƙara. Manyan gidaje masu ɗaki goma, an bar hita a kunne don kada kujeru su ji sanyi, mu kuwa muna kwana a kicin. In ya dawo yana ba ni labari, sai in ce ya yi shiru haka nan.

Salla ta faɗo kwana biyu bayan Kirsimeti, sai muka haɗa su a tukunya ɗaya. Bulus ya samo kaza mai rai wajen wani manomi, Injiniya ya yanka a bayan gida, jini ya yi ja a kan farar ƙanƙara. Na yi shinkafa, na ƙarar da sauran yajina. Doris ta zo, ta ci loma biyu, hawaye na zuba, hanci na zuba, ta ce a ƙara mata. Na sa atamfar da na ɗinko don in yi salla a Amurka, na ɗora rigar sanyin Injiniya a kai, ba wanda ya ga ɗinkin.

Janairu da Fabrairu ba su da labari, shi ne ma wahalarsu. Sama toka, teku toka, titi ba kowa. A cikinsu na gane ina da ciki. Ƙarnin sikalof ya zame min azaba, in ɓare goma in fita in yi amai in dawo. Doris ta matsar da ni kusa da ƙofa. Da yamma in buɗe littafin jarrabawar jinya da ta aro min a laburare, in karanta har yatsu su ƙi juya shafi.

Sai ga Afrilu. Aka fara jin ƙarar guduma, ana ɓamɓare katakon tagogi, ana fenti. Takardun neman ma'aikata suka fito a kowace taga kamar an yi shuka. Mutanen da suka ce mana ko shara babu, su ne ke tare mu a titi. Ina cikin murna sai ga wasiƙar attajira: mu tashi kafin tsakiyar Mayu, za ta zo shan iska. Ashe wannan ma kowa ya sani. Da sanyi akwai gida babu aiki, da zafi akwai aiki babu gida. Muka koma ɗakin ƙasa na wani gida, mu tara, labule ne tsakaninmu da wasu 'yan Brazil, banɗaki ɗaya.

Bulus bai taɓa barin tsibirin ba. Ya auri 'yar can, yanzu yana da motoci uku na kula da gidaje. Mukan yi waya. Ya ce lokacin zuwan baƙi ya ƙara tsawo, ana bukukuwan aure har cikin Oktoba, ma'aikata na zuwa daga ƙasashen da a da ba mu taɓa jin sunansu ba, wasu a mota suke kwana don haya ta gagara. Da zafi shi ma roƙon ma'aikata yake yi. Da na tambaye shi sanyi fa, sai ya yi dariya ya ce, "Madam, har gobe rabin yarana nake sallama."

Mu dai a waccan shekarar mun yi zafin a otal, Injiniya a wajen gyare-gyare, ni a gyaran ɗakuna. Ɗaki goma sha huɗu a rana, da ciki a gaba, ba ranar hutu. Zufa, warin sabulun wanke banɗaki, yashin da baƙi ke kwasowa daga bakin teku har cikin zanin gado. Ƙafafuna suka kumbura har na koma sa silifas ɗin Injiniya. Ban yi ƙorafi ba. Na riga na yi magana da 'yar gwaggona, ta ce akwai ɗaki a Takoma Park, akwai kuma wani gidan kula da tsofaffi da ke ɗaukar mutane rani da damina. Na gaya wa Injiniya tun a Yuli. Ya ce to, irin to ɗin da ba ta da ƙafa.

A makon ƙarshe na Agusta, otal cike, na kai wa manaja takardar barin aiki, tawa da ta Injiniya, don ni na rubuta duka biyun. Ya karanta, ya dafe kai, ya aika a kira mijina.

"Ba za ku yi min haka ba," ya ce. "Ɗalibai duk sun koma makaranta, ina da bukukuwa har Oktoba, ba ni da kowa." Ya juya ga Injiniya. "Kai ma'aikaci ne na gaske. Zan ƙara maka albashi daga yau. Kuma muna tunanin bana wataƙila mu bar ɓangare ɗaya a buɗe da sanyi. Wataƙila. In an yi haka, kai ne na farko."

Na ga idon Injiniya ya kawo haske. Ya gyara tsayuwa, ya juyo gare ni, da Hausa ya ce, "Dije, kin ji fa. Mutumin nan da gaske yake. Ko mu ɗan ƙara ko wata biyu ne mu gani?"

Na yi wa manaja murmushi, har da ɗan russunawa. Ban daina murmushin ba na amsa wa mijina da Hausa.

"Injiniya, ka ji ya ce wataƙila har sau biyu. In zama kake so, ka zauna, Allah ya ba da sa'a. Ni da abin da ke cikin nan ranar Talata za mu hau jirgin safe."

Manaja na kallonmu, yana jira. "Me ta ce?"

Injiniya ya dubi cikina, ya dubi kumburarrun ƙafafuna a cikin silifas ɗinsa. Ya yi gyaran murya.

"Ta ce mun gode ƙwarai da karamcinka," ya ce da Turanci. "Ranar Talata za mu tafi."